Darasi: Baƙo da Mai Masauki, in Kuɗin Haya Sun Kawo Gardama

Darasinmu na wannan wata a kan wata gardama ce wadda ta kan ɓata tsakanin mutane a ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, wajen Dawakin Tofa da Bichi da Minjibir da Dambatta. Ga yadda ta kan fara. Wani mutum ya zo zama a ƙauyen da ba nasu ba, ko malamin makaranta ne aka aiko shi, ko ma'aikacin asibiti, ko kuwa manomi wanda gonar gidansu ta yi musu kaɗan. Ya sauka wurin wani maigida. Maigidan ya ba shi ɗaki a gefen gida, ya kuma ba shi hayar gona ta shekara biyar. Suka yanka kuɗi da baki, suka yi musafaha. Shekara biyu suka wuce lafiya lau. A ta uku, bayan baƙon ya gama kai taki, ana sauraron ruwan shuka, sai maigida ya kira shi zaure ya ce kuɗin nan ba su isa kome yanzu, sai a ninka su sau uku, in kuwa ba zai iya ba akwai mai so.

To, ƙaƙa baƙon nan zai yi? In ya yi shiru ya biya, watakila abincin 'ya'yansa ke nan ya tafi. In ya ta da murya, ya rasa gona, ya rasa takin da ya zuba, watakila har da ɗakin da ya ke kwana. Da yawa cikinmu mun taɓa tsayawa inda baƙon nan ya ke, waɗansunmu kuwa su ne masu gonar. Domin haka za mu duba al'amarin ta gefe biyu. Abin da mu ke so mu koya shi ne mu raba abu biyu waɗanda fushi ya kan cuɗa su. Na ɗaya shi ne abin da aka yi alkawarinsa, wannan dole ne. Na biyu shi ne abin da adalci ya ke nema bayan zamani ya juya, wannan kuwa sai an zauna an daidaita.

1. Abin da ya sa gona ta ke da wuya a ƙasar nan

Wanda ya bi hanyar Katsina ko ta Daura daga Kano da damina zai ga gona tana bin gona, ba daji a tsakani, sai ɗorawa da kuka da gawo tsaye cikin dawa. Haka ƙasar ta ke tun da daɗewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, gona ta ƙara daraja. A cikin shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bincika gonakin kewayen Kano, ya tarar mafi yawansu ana nomansu kowace shekara, ba a barinsu su huta. Tun daga lokacin nan mutane sai ƙaruwa su ke yi. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da miliyan 9 a Jihar Kano. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne suka raba ta gado, kowa da ɗan yankinsa.

Ƙasar da ba ta hutawa, da taki ta ke rayuwa. Manoman wajen nan su kan tara kashin awaki da tumaki da toka da sharar gida, da rani su kwashe a mangala bisa jaki, ko a amalanke, su kai gona. Na kusa da birni tun dā su kan sayo sharar birni su zuba. Takin gida kuwa ba ya ƙarewa a damina ɗaya, ƙarfinsa ya kan wuce zuwa damina ta biyu har ta uku. Nan ne tushen gardamarmu. Wanda aka ba gona ta shekara ɗaya ba zai wahal da jakinsa a kanta ba. Amma wanda aka ce masa shekara biyar, shi ne zai zuba dukiyarsa cikin ƙasar wani, ba kuwa zai iya tone ta ya tafi da ita ba.

2. A san sunan abin da aka ƙulla

Kafin kowa ya ce an cuce shi, sai ya tabbata irin cinikin da aka yi, gama hanyoyin riƙon gonar wani ba ɗaya ba ne.

Akwai aro. A nan ba a yanka kuɗi ba. Mai gona ya ba da ita domin zumunci ko tausayi, in kaka ta yi wanda ya noma ya kai masa dami ɗaya ko biyu na godiya. In mai gona ya bukaci abinsa, ya kan karɓa bayan girbi.

Akwai haya. A nan an yanka kuɗi, an kuma faɗi wa'adi.

Akwai jingina. A nan mai gona ne ya karɓi kuɗi dunƙule domin wata bukata, wanda ya bayar kuwa yana noman gonar har ran da za a mayar masa da kuɗinsa.

Gardama da yawa daga nan ta ke fitowa. Maigida a ransa aro ya bayar, kuɗin da a ke kawo masa kuwa ihisani ne wanda ya kamata ya riƙa ƙaruwa. Baƙo a ransa haya ya ɗauka, farashi ya tsaya. Kowannensu yana ganin shi ne mai gaskiya. Hakanan kuma sau da yawa ba a faɗi ko kuɗin ɗaki suna cikin na gona ba, ba a faɗi mai kalwar ɗorawar da ke tsakiyar gonar ba, ba a faɗi mai kara da harawa ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne ran ƙulla magana, amma ran faɗa kowanne sai ya zama babba.

Game da doka, a 1978, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta sa ƙasar ƙauye ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma. Amma ba ta ƙwace wa manomi gonar gadonsa ba. A ƙauye mai unguwa da dagaci su ne suka san iyakar kowa, suka kuma san wanda ya ba wa.

3. Mu saurari mai gona tukuna

Ba kowane maigidan da ya nemi ƙari ne azzalumi ba. Kuɗin da aka yanka dā suna nan yadda su ke a lissafi, amma abin da su ke saya ya ragu. Dattawanmu sun ga ran da naira ta maye gurbin fam a Janairu 1973, fam ɗaya naira biyu. Mu kuwa mun ga abin da ya fi wannan girgiza mutane. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya sa takin zamani ya yi tsada a duniya duka. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki litar da a ke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano. Dalar Amurka wadda gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun nan, ta wuce naira 1,500 a Fabrairu 2024. Hukumar ƙididdiga ta tarayya ta ce zuwa Disamba 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda. Kowa ya shiga kasuwar Dawanau a lokacin nan ya gani da idonsa. Tsohon da ya ba da gonarsa domin ƙarfinsa ya ƙare, yana dogara ga kuɗin haya ya sayi hatsi, lalle ya ji a jikinsa.

Akwai kuma wani tsoro wanda mai gona ba ya faɗa. A shari'ar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Kano ke bi, akwai hukuncin da a ke kira hauzi. Watau in wanda ba dangi ba ya riƙe ƙasa shekara 10 kamar tasa, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba, ba kuwa abin da ya hana shi, to, ƙararsa ba ta da ƙarfi bayan haka. Gaskiya ne aro da haya da jingina ba su shiga wannan hukunci ba. Amma in ba takarda, shaidu kuma sun mutu, wa zai tabbatar haya ce? Saboda wannan waɗansu masu gona, da sun ga baƙo ya daɗe, ƙasa ta yi kyau a hannunsa, sai hankalinsu ya tashi. Wani lokaci ƙarin kuɗin hanya ce kawai ta tuna wa kowa mai gonar. In baƙo ya gane haka, ya faɗa a gaban mutane da bakinsa cewa gonar ta maigida ce, ba shi da kome a cikinta sai noma, sau da yawa rabin gardamar ya mutu nan take.

4. A yi lissafi kafin a yi magana

Bari mu ɗauki misali. Lambobin nan namu ne, mun zaɓe su domin lissafi ya yi sauƙi, kowa sai ya sa na garinsu.

A ce an yanka naira 40,000 kowace shekara har shekara biyar. Ran da aka yanka, buhun gero naira 20,000 ne, watau hayar daidai ta ke da buhu biyu. A shekara ta uku buhu ya kai naira 60,000. Kuɗin hayar yanzu ba su sayen ko buhu ɗaya. Maigida ya nemi naira 120,000, ya ce buhunsa biyu ya ke so kamar dā. In muka tsaya nan, sai mu ce gaskiyarsa. Baƙon kuma ya tuna, shi ma a sabon farashi ya ke sayar da geronsa. Kada ya ɓoye wannan, gama kowa ya sani.

Amma lissafin bai ƙare ba. Ran da baƙon ya karɓi gonar ta gaji, dami 15 ta ke bayarwa. Shekara biyu yana kai taki, yanzu tana ba da dami 40. Wanda ya zo yana tayi mai tsoka, ba gonar dami 15 ya gani ba, gumin baƙon ya gani. In maigida ya karɓi wannan tayi, ya sayar da takin da ba nasa ba. Ban da haka, kuɗin takin zamani da na 'yan ƙwadago da na mota duka sun hau kan baƙon. Farashin hatsi kuma ba hawa kaɗai ya ke yi ba. A 2025 ya sauko a kasuwannin Arewa, manoma da yawa suka koka, gama taki bai sauko tare da shi ba. Da maigida zai yarda a rage masa haya a irin wannan shekara?

Saboda haka baƙo ya rubuta abu huɗu a takarda kafin ya koma zaure: abin da aka yanka da wa'adinsa, abin da ya riga ya biya da ranakun biya, abin da ya zuba a gonar, da abin da maƙwabta ke biya bana a kan gona irinta. Wannan na ƙarshe ya tambayi mutum biyu ko uku, kada ya dogara ga zancen majalisa.

Da wannan lissafi a hannu, ga irin sulhun da zai yiwu a misalinmu. Na bana ya tsaya a 40,000, gama maganar ƙari ta zo bayan an kai taki, baƙon ba shi da lokacin neman wata gona. In kaka ta yi kyau ya kai wa maigida kyauta daga zuciyarsa. Shekara ta huɗu a biya 70,000, ta biyar 80,000. Maigida kuma, a madadin ƙarin da bai zama dole ba, ya yarda a rubuta takarda, ko ya ƙara shekara ɗaya a kan wa'adin. Ba wanda ya sami dukan abin da ya so, amma gona tana hannun mai gyaranta, tsoho kuma ya sami abin sayen hatsi.

5. Matakan da za a bi

Na fari, kada a amsa nan take. Magana zarar bunu ce. Baƙo ya ce, "Baba, na ji maganarka, ban kuwa raina ta ba. Ka ba ni kwana uku in duba, sa'an nan in zo mu zauna." A cikin kwanakin nan kada ya kai zancen bakin kasuwa, ya kuma roƙi matarsa kada ta kai shi bakin rijiya. In magana ta zaga gari ta komo wa maigida da ƙari, ko ya so ya sauko kunya ba za ta bar shi ba.

Na biyu, su zauna su biyu kaɗai. Wannan shi ne tsarin da muka koya cikin Matta sura 18, a fara da mutum shi kaɗai, kana a kawo ɗaya ko biyu, sa'an nan jama'a. Dattawan Hausa ma haka su ke yi. A zaɓi lokacin da maigida ya huta, ba ran kasuwa ba, ba kuwa a gaban 'ya'yansa ba. A fara da gaisuwa da godiya saboda masauki. A tuna masa maganar farko a hankali: "Baba, ka tuna ran da muka tsaya gindin tsamiya, ka ce shekara biyar a kan kaza?" In ya amsa, an sami tushe. Sa'an nan baƙo ya nuna ya san kuɗi sun lalace, ya buɗe lissafinsa, ya faɗi abin da zai iya. Ya tambaya kuma ko wata bukata ce ta taso. Watakila aure ne ya matso, ko rashin lafiya. In haka ne, biyan hayar baɗi tun yanzu ya kan fi ƙari amfani ga maigida.

Na uku, in ba su daidaita ba, a kira waɗanda ke wurin ran da aka ƙulla. In ba kowa, a nemi dattijo ɗaya wanda dukansu biyu ke jin nauyinsa. In su biyun 'yan ekklesiya ne, dattawan ekklesiya su zauna da su. In maigida ba na cikinmu ba ne, kada mu kai masa dattawanmu kamar alƙalai, sai ya ga an yi masa taron dangi. A nemi maƙwabci ko ɗan'uwansa wanda ya ke saurara wa.

Na huɗu, a je wurin mai unguwa, in ta ƙi a wuce wurin dagaci, daga nan hakimi. Kada a tsallake na ƙasa. A tafi da lissafin, a faɗi magana gajeruwa: "Ranka ya daɗe, ban zo ƙarar Baba ba. Gona tasa ce, ni baƙonsa ne. Na zo a taimake mu a kan wa'adi da kuɗi."

Na biyar shi ne kotu, ita ce ƙarshe. Wanda zai je ya fara lissafta kuɗin mota, da ɗage shari'a, da kwanakin noman fari da za su wuce yana zaune a benci. Ya tuna kuma ko ya yi nasara, da wuya ya sake kwana gidan mutumin da ya kai ƙara.

Duk lokacin da a ke cikin wannan, akwai abin da baƙo zai kiyaye. Ya ci gaba da biyan kuɗin da aka yanka tun farko, a kan lokaci, a gaban shaida. In ya daina biya domin fushi, shi ne ya zama mai karya alkawari. In maigida ya ƙi karɓa, ya kai kuɗin gaban mai unguwa a shaida ya kawo. In ta waya ya tura, ya adana saƙon banki, ya kuma rubuta ranar a littafi, gama waya ta kan ɓace. Kada ya sare itace a gonar, kada ya taɓa iyaka, kada ko da wasa ya ce gonar ta zama tasa.

In kuwa duk an yi, rabuwa ta zama dole, a rabu da kaka. Ba a tashin mutum amfaninsa yana tsaye. Baƙo ya roƙa a bar shi ya girbe na bana, dattawa su kimanta takin da ya rage a ƙasa, a rage masa daga haya ko sabon mai shiga ya biya shi. Ya share ɗakin, ya biya abin da a ke binsa, ya yi sallama da mutanen gida. Ƙauyukan nan kusa su ke da juna, labarin yadda ya fita zai riga shi isa gaba.

6. Takardar da za ta hana ta gaba

Rigakafi ya fi magani. Waɗansu suna jin kunyar neman takarda, wai kamar ba su amince da maigida ba. Amma rubuta ciniki ba sabon abu ba ne. Cikin Irmiya sura 32 mun karanta yadda annabin ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan'uwansa Hanamel da shekel 17 na azurfa. Ko da ya ke dangi ne, ya auna kuɗin, ya kira shaidu, aka yi takarda hatimtacciya da buɗaɗɗiya, aka ajiye su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Takarda tana tsare mai gona daga tsoron hauzi, tana tsare baƙo daga ƙarin bazata, tana kuma tsare 'ya'yansu in ɗaya ya rasu kafin wa'adi.

Ga abin da ya kamata ta ƙunsa:

Sunan mai gona da na mai haya, da cewa haya ce, ba sayarwa ba, ba jingina ba.

Inda gonar ta ke, da maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa.

Daminar farawa da kakar ƙarewa, a rubuta shekarun da lamba.

Kuɗin kowace shekara da watan biya. Tun da mun ga yadda naira ke yi, ya fi kyau a rubuta wa kowace shekara nata kuɗin, suna ɗan hawa, ko kuwa a biya na shekaru biyu ko uku gaba ɗaya in da hali.

Kuɗin ɗaki dabam, domin gardamar gona kada ta fitar da iyali waje.

Mai 'ya'yan itatuwa, da mai kara da harawa.

Lokacin sanarwa. Wanda ke son canji ya faɗa da kaka, kafin a fara kai taki.

Abin da za a yi da taki in an rabu kafin wa'adi.

Sa hannu ko dangwalen yatsa na su biyu, da shaidu biyu, ɗaya daga kowane gefe, da mai unguwa. A karanta da ƙarfi domin wanda bai iya karatu ba. A yi kofi biyu ko uku, a kuma ɗauki hotonta da waya.

Wani zai ce, me zai hana a yanka hayar da buhun hatsi, tun da shi ba ya lalacewa kamar kuɗi? Tsakanin waɗansu mutane wannan ya kan yi. Amma mu sani malaman Malikiyya ba su yarda a yi hayar ƙasa da abinci ko da abin da ta ke tsirarwa ba, suna kuma so farashi ya zama sananne tun ran ƙullawa. In maigida Musulmi ne, kada mu matsa masa a kan abin da malaminsa zai hana. Kuɗin da aka rubuta shekara shekara sun isa.

7. In mu ne masu gonar

Dukan abin da muka faɗa yana da bayansa. Wata rana baƙo zai sauka gidanmu, mu ba shi gona, kuɗi su lalace, wani ya zo da tayi mai kyau. A ran nan za a san ko mun koyi darasin nan. Alkawari kaya ne. Zabura 15 ta lissafta halin mutumin kirki, a ciki har da cika rantsuwa ko da ta jawo masa hasara. Muna da iko mu kira baƙonmu mu nuna masa halin da mu ke ciki, mu roƙi ƙari. Ba mu da iko mu tilasta shi kafin wa'adi, balle mu jira sai ya gama kai taki domin mun san ba shi da mafita. In kuwa mun ga za mu bukaci gonar saboda ɗanmu ya isa noma, mu faɗa masa tun shekara guda kafin lokacin.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin aro da haya da jingina? Wanne aka fi yi a garinku?

2. Don me maganar ƙari bayan an kai taki ta fi maganar ƙari da kaka nauyi?

3. A misalinmu na naira 40,000, me ya zama dole a kan baƙo, me kuma ya zama alheri daga wurinsa?

4. Don me bai kamata mai haya ya daina biya ba sa'ad da a ke gardama?

5. Ku sa lambobin garinku a cikin misalin, ku ga irin sulhun da zai fito.

6. Wa ke cikinku yana riƙe da gonar wani, ko wani yana riƙe da tasa, ba takarda? Waɗanda suka iya rubutu su shirya su taimake su a rubuta kafin rani ya shigo a fara kai taki.